Tsakanin Sufana da Tawakkali: Alhakin Mai Gyaran Mota

Motar nan Sprinter, wadda kamfanin Mercedes-Benz ya fara ƙerawa a 1995, takan iso tashar jiragen ruwa ta Tema a matsayin motar kaya: babu taga a gefenta, babu kujera sai na gaba, ta riga ta ci shekaru tana jigilar kwalaye a titunan Jamus ko Holan. Daga Tema sai a hauro da ita Kumasi, a shigar da ita Magazin ta Suame. A nan mai yankan ƙarfe zai ja layi da alli a jikinta ya huda tagogi, mai gilashi ya cike su, mai walda ya dasa ƙafafun kujeru a daɓenta, mai ɗinki ya lulluɓe su da soso da leda, mai fenti ya rufe tabon wuta, daga ƙarshe wani ya zo da buroshi ya rubuta kalmar dogaro ga Allah a gilashin baya. Cikin 'yan makonni ta zama trotro, wato motar haya ta fasinja, tana lodi a tashar Kejetia. 'Yar'uwarta da ta rage a Turai kuwa, wani ya saye ta ya kai bayan gidansa, ya shimfiɗa mata katako, ya sa gado da murhu da tankin ruwa da farantin sola a kan rufi, ya mayar da ita ɗakin kwana mai taya don yawon hutu. Ɗaya abinci yake nema, ɗaya nishaɗi, amma dukansu sun sa hannu cikin abin da wasu suka ƙera da lissafi, sun sauya shi, sannan sun hau da shi titin da sauran bayin Allah suke bi. To mutumin da ya gyara mota ko ya canza mata fasali da hannunsa, me ya hau kansa a gaban Allah da gaban mutane? Abin da nake gani shi ne gyara aiki ne mai lada, amma duk wanda ya buɗe cikin mota ya ga aibinta ya fita daga sahun masu cewa ba su sani ba, kuma daga ranar ba shi da damar jingina sakacinsa ga ƙaddara.

Wannan tambaya tamu ce mu mutanen Zongo, domin hanya ce ta haife mu. Kakanninmu fatake ne da suke sauko da kaya daga ƙasar Hausa su koma da goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawa Kumasi a 1896 ne zangon baƙi ya kafu ya zama unguwa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, daga baya lori ya karɓi aikin jaki, jikokin madugai suka zama direbobi da yaran mota da 'yan kamasho da dillalan kayan gyara. Har yau hanyar da ta bi ta Offinso da Techiman da Kintampo zuwa Tamale da Bolgatanga ita ce jijiyar cinikinmu, kuma ita ce ta ratsa gefen Magazin. Magazin ɗin kanta ta samo sunanta daga ma'ajiyar makamai ta zamanin mulkin mallaka, inda masu gyaran mota suka fara taruwa a shekarun 1930 kafin a mayar da su Suame, yau kuwa tana cikin manyan matattarar masu aikin ƙarfe da inji a Afirka, dubban gareji suna jere da juna. A 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a cikinta don kai wa masu sana'a injinan sassaƙa ƙarfe da dabarun narka shi. Yaran Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Alabar da yawa a can suke wuni a ƙarƙashin mota, su yi alwala da hannun da baƙin mai bai gama fita ba. Mas'alar da ta shafi hannun nan ta cancanci a zauna a kanta kamar yadda ake zama a kan mas'alar ciniki da gado.

Gyara yana da gindin zama a addini, wannan ba abin ja ba ne. An ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah (SAW) yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da kansa a gida, alhali yana da sahabban da za su yi rige-rigen yi masa. Suratul Isra'i ta haɗa masu almubazzaranci da shaiɗanu a 'yan'uwantaka, hadisi ingantacce kuma ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah yake ƙi. Mutumin da ya yar da injin da zai iya ƙara shekara biyar don kawai ƙyashin buɗe shi ya tozarta dukiya, wanda ya buɗe ya canza abin da ya ci ya mayar ya kiyaye ta. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya sa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, wato idan gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi, kuma a garin da abinci da marasa lafiya da 'yan makaranta duk a mota suke tafiya, fita, wato makanike, ya shiga wannan lissafi ba tare da an yi ta kai-kawo ba. Sai dai akwai wani abin lura a ƙissar Annabi Dawuda (AS) a Suratu Saba'i. Da aka tausasa masa ƙarfe aka umarce shi da yin sulke, an haɗa masa da umarnin ya auna saƙar zobban daidai. Hikimar a fili take: sulken da zobensa ɗaya ya yi sako-sako yana kashe wanda ya dogara da shi, domin ya shiga fagen fama yana zaton a tsare yake. Baiwar sarrafa ƙarfe tare ta sauko da sharaɗin awo.

Gyara yana yi wa mai gyaran wani abu da saye ba ya yi. Wanda ya sayi mota ya miƙa wa wani kulawarta ya mallake ta a takarda, amma idan ta yi tari da safe bai san ko batir ne ko man da ya sha ne ba. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta, ya kwance tayar ya ga yadda takalmin birki ya cinye ta gefe ɗaya, ya san ta kamar yadda mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo. Masana falsafar Girka sun daɗe suna gardama a kan wani jirgin ruwa na jaruminsu Tisiyas, wanda marubuci Fulutak ya ce mutanen Atina sun yi ta adana shi suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har aka rasa na asali ko ɗaya: shin jirgin nan shi ne na da, ko wani ne daban? A Suame wannan gardama tana yawo a kan taya huɗu, domin akwai trotro da injinta na wata mota ne, giyarta ta wata, ƙofarta daga bola aka ɗauko, abin da ya rage na asali sai lambar shasi da hukumar rajistar motoci ta DVLA ta rubuta. Fikihu bai ɓata lokaci a kan ko motar ita ce ta da ba, ya kama wani gefen da ya fi amfani, wato a wuyan wa take. Kamfanin da ya ƙera ta a Jamus ya auna ta don wani nauyi da wani aiki, kuma alhakinsa ya tsaya a kan abin da ya auna. Duk sashen da aka canza bayan haka, alhakinsa ya taso daga wuyan injiniyan can ya dawo wuyan wanda ya riƙe sufana a nan. Mai gyara yana gadon motar, yana kuma gadon tambayar da za a yi a kanta.

A duba birki a ga yadda abin yake. Aikinsa shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi, saboda haka duk ƙarin nauyi ƙarin zafi ne, kuma idan aka ninka gudu sau biyu nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka kusan sau huɗu. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, idan ya tsufa sai ya tafasa da wuri, ya yi tururi a cikin bututu, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa a daidai gangaren da yake buƙatarsa. Motar da aka ƙera don kwalaye idan aka jera mata kujeru layi biyar, aka ɗora buhunan doya da albasa a kan rufi, nauyinta ya hau sama, kwana ɗaya mai kaifi ta ishe ta kifewa. Ƙarfen da aka yanke a gefe don taga ta yi faɗi yana cikin haƙarƙarin da ke riƙe rufin idan ta wuntsila. Kujerar da aka ɗiga wa walda a kan siririn kwanon daɓe, ba a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe mai kauri ba, takan tumɓuke a karo ta danne na gabanta. Taya ma tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta, lamba huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma roba tana bushewa ko da zanenta bai goge ba. Fasinjar da ta shigo da kwandon tumatur da goyo a baya ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba a nemi ta sani ba. Wanda ya haɗa motar ya san su ɗaya bayan ɗaya. A nan bambancin hukuncinsu yake, domin ita ta ba da amana, shi ya karɓa.

Malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi wa wannan gurbi tun kafin a ƙirƙiri mota. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan hukuncin cewa masu sana'a suna lamunin kayan da aka bar musu suka kaɗaita da su, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Asalin ƙa'ida shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma aka ware maɗinki da maƙeri da marini, saboda mutane ba su da makawa sai sun kai musu kaya, kuma ba sa ganin abin da ake yi bayan sun juya baya. Imamu Shaɗibi ya kawo wannan hukunci a matsayin misalin abin da aka gina a kan maslahar jama'a. In har an tsananta haka a kan riga da tukunya, ina ga abin da rai goma sha biyar za su zauna a ciki? Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta biyo baya, kuma ƙiyasin wanda ya buɗe birkin motar haya ba da sani ba a kan wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Sannan ga ƙissar mai hatsi a kasuwar Madina da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasa ya bar busasshe a sama, Manzon Allah ya cusa hannu ya ji danshi, ya tambaye shi dalilin da bai bar jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta kansa daga mai algus. Filar da aka shafe ramin tsatsa da ita aka fesa fenti, da fitilar gargaɗi da aka cire wa ƙwai don kada mai saye ya ga tana ci, da mitar tafiya da aka mayar baya, duk jiƙaƙƙen hatsin nan ne a ƙarƙashin tari.

Hujja ta farko da ake kawowa a kan wannan magana ita ce ta ajali. Ana cewa sabuwar mota fil ma tana kashe mutane, tsohuwar akwala kuma tana kai mutum Bawku ta dawo da shi lafiya shekara ashirin, saboda haka wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa zai tafi. Rabin maganar gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai musa cewa rai ba ya wuce wa'adinsa. Kuskuren yana wajen ɗaukar abin da ya shafi sanin Allah a mayar da shi uzurin aikin bawa. Mu ba a nuna mana littafin ajali ba, an nuna mana takalmin birki, kuma a kan abin da aka nuna mana za a tambaye mu. Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Sayyidina Umar kuma, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ya yanke shawarar juyawa da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa da misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa, amma mai hankali ya san inda zai kora raƙumansa. Shari'a kanta ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, alhali ta fi kowa sanin cewa mamacin ajalinsa ne ya zo, wanda ke nuna cikar ajali ba ta wanke wanda ya zama sanadi. Abin mamaki shi ne direban da ke cewa komai rubutacce ne idan an yi maganar tayarsa, shi ne ke kulle motar da kwaɗo biyu da dare, bai taɓa barin ta a buɗe ya ce abin da aka rubuta za a sace shi za a sace ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da wa'azin mai ƙoshi ba. Direban trotro yana tashi da asuba da bashi a kansa: kuɗin da mai mota ya yanka masa kullum, kuɗin mai, kuɗin tasha, ladan yaron mota, da abin da za a karɓa a shingayen hanya. Kayan gyara da dala ake shigo da su, shi kuwa sidi yake karɓa, kuma duk ranar da motar ta kwana a gareji gidansa ba a ɗora tukunya. Mutumin da ke cikin wannan hali idan ya sayi tsohuwar taya ko ya ce a lallaɓa birkin zuwa mako mai zuwa, ba mugunta ce ta sa shi ba. Larura tana sauƙaƙa hukunci, haka ne, amma malaman da suka kafa wannan ƙa'ida sun ɗaure ta da wasu biyu: ana auna larura gwargwadonta, kuma matsuwar mutum ba ta soke haƙƙin waninsa. Mayunwaci zai iya cin abin da aka haramta don ya tsira da ransa, ba zai iya sayen tsirarsa da ran maƙwabcinsa ba, kuma a jerin abubuwan da shari'a ta zo ta kare, rai yana gaba da dukiya. Abin da talauci yake halattawa a mota yana da yawa: kujera ta yage, fenti ya koɗe, ƙofa sai an ɗaga ta kafin ta rufu, duk babu laifi, da babu gara ba daɗi. Abin da ba ya halattawa kaɗan ne, birki da sitiyari da taya da fitila da ɗaurin kujeru. Sau da yawa kuwa kuɗin suna nan, tsarin kashe su ne ya juye, domin za ka ga motar da aka sa wa manyan lasifikoki da fitilu masu launi alhali tayarta ta yi sanƙo. Kuma alhakin bai tsaya ga direba shi kaɗai ba. Mai motar da ya ƙi rage kuɗin rana don a yi gyara, da jami'in da ya sa hannu a takardar lafiyar motar da bai duba ba, da mu fasinjoji da muke yi wa direba tsawa don ya ƙi ƙara mutum ɗaya, kowa yana da kasonsa.

Hujja ta uku daga wani ɓangare take fitowa, daga masu ganin cewa al'adar gyaran ce kanta matsalar. A wurinsu Afirka ta zama juji, kuma ƙwarewar Suame tana tsawaita ran motocin da ya kamata a narke. Suna da abin kafa hujja. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kusan miliyan 14, Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa, da yawansu kuma ba za su ci jarrabawar hanya a ƙasashen da suka fito ba. A Gana mutum sama da 2,900 suka rasu a haɗarin hanya a shekarar 2021 kaɗai. Majalisa ta yi doka a 2020 don hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari da waɗanda suka haura shekara goma, a daidai lokacin da Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Akara, amma aka dakatar da aiwatar da ita bayan dillalai da masu sana'a sun koka. Na yarda cewa akwai motar da gyaranta ya ƙare, wadda tsatsa ta cinye shasinta, kuma fita mai tsoron Allah shi ne zai fara faɗa wa mai ita haka ko da zai rasa aikin. Amma shekarun mota ba su ne ma'aunin lafiyarta ba, kulawa ce, kuma hana tsohuwar mota ba ya sa wa talaka kuɗin sabuwa a aljihu. Ƙasashen da suka jefar da al'adar gyara ma yanzu nemanta suke: masu zaɓe a jihar Masacusets ta Amurka sun amince da dokar 'yancin gyaran mota a 2012, Tarayyar Turai kuma ta zartar da tata dokar 'yancin gyaran kayan amfani a 2024. A 2013 masu sana'ar Suame tare da wasu 'yan Holan sun ƙera mota sukutum da suka kira Turtle daga kayan da ke cikin Magazin. Hannun da ya iya wannan ba abin rushewa ba ne, abin da yake buƙata shi ne awo da na'urar gwaji da dokar da ake bi da gaske.

Hujja ta huɗu ta shafi wanda ba fita ba ne, mai motar da ya kalli bidiyo a wayarsa ya ɗauki sufana. Za a ce in dai alhakin ya kai haka, ai gara kowa ya janye hannunsa ya bar wa masu abin. Wannan ma ya wuce gona da iri. Mutum ya iya canza baƙin mai da matatar iska, ya duba ruwan lagireto, ya auna iskar taya, ya gane ƙarar da ba ta saba ba, duk wannan yana cikin kiyaye amanar abin da Allah ya ba shi, kuma mai motar da ya san wannan ba a cika cutarsa a gareji ba. Iyakar ita ce ya san inda saninsa ya tsaya, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma garin gyaran gira ake rasa ido. Alƙur'ani ya umarci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abota sani, ya kuma hana bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa, malamai kuwa ba su taƙaita wannan ga mas'alolin tsarki da salla ba. A Magazin yaro yakan yi shekaru a gaban masta yana wanke noti da miƙa sufana kafin a bar shi ya taɓa inji, kamar yadda almajiri yake bin littafi a gaban malami kafin a ba shi izinin karantarwa. Bidiyo yana nuna yadda ake kwancewa da ɗaurawa, amma ba ya tsaye a kanka lokacin da ka bar iska a bututun birki. Shi kansa masta wannan hukunci bai ƙyale shi ba, domin motocin yanzu kwamfuta ce ke sarrafa man da suke sha da birkinsu, kuma wanda ya ƙware a kafireta idan aka kawo masa irin waɗannan, faɗin cewa wannan ba fannina ba ne ya fi masa alheri a duniya da lahira fiye da yanke waya yana gwaji.

Saura mai ɗakin kwana a mota, wanda zai ce shi bai ɗauki fasinjan kowa ba, motarsa ce, ransa ne. Da farko rai ba mallakarsa ba ne da zai yi caca da shi, kuma yawanci iyalinsa suna ciki. Murhun gas da aka kunna ba tare da mafitar iska ba, ko gawayin da aka kunna a rufaffiyar mota don sanyi, suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba, kuma direbobinmu masu kwana a tasha a lokacin hunturu suna cikin wannan haɗari daidai da Bature mai yawon hutu. Fis ɗin da ya ƙone aka maye gurbinsa da zaren waya shi ne mafarin gobarar motoci da yawa. Na biyu kuma titi na kowa ne. Buhari ya ruwaito misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgin ruwa, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasan suka yi niyyar huda nasu rabon don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba, aka ce in an ƙyale su kowa zai nutse. Rabonsu ne suke son hudawa, amma ruwan da zai shigo bai san iyakar rabo ba. A Suratul Kahfi ma, da bawan Allah Halliru ya huda jirgin wasu talakawa masu neman abinci a teku, abin da ya fara fitowa daga bakin Annabi Musa (AS) tambaya ce a kan mutanen da ke ciki, ko so yake ya nutsar da su, bai tambayi kuɗin katakon ba. Wannan ita ce tambayar farko da ta kamata ta zo wa duk mai riƙe da abin walda.

Saboda haka aikin yana kan kowa daidai matsayinsa. Malamanmu masu tafsiri da wa'azi a masallatan Zongo su shigar da babin lamunin masu sana'a cikin karatun da suke yi wa jama'a, su faɗe shi da sunan birki da taya yadda direba zai gane da shi ake. Shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi ta GPRTU su ɗauki hana motar da ba ta da lafiya yin lodi a matsayin kare 'ya'yan ƙungiya. Dokar hanya ta 2012 ta riga ta sa iyaka ga shekarun taya da zurfin zanenta, milimita 1.6, abin da ya rage shi ne a bi ta ko babu ɗan sanda a gaba. Masta ya koya wa yaransa faɗin gaskiya ga mai mota tare da koya musu ɗaurin noti, mai mota kuma ya daina fushi da wanda ya gaya masa abin da ba ya son ji. Rubutun da ke gilashin baya gaskiya ne, Allah shi ne mai tsarewa, kuma ba wanda ya ce a goge shi. Amma wanda ya rubuta shi alhali ya san man birkinsa yana yoyo ya sa sunan Allah ya rufe aibin da shi da kansa ya gani. A gyara birkin tukuna, sannan a ce bismillahi a tayar da mota. Allah ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya sa albarka a hannun masu gyara.